Al'adar 'Yan Dandatsa da Matsayin Ƙa'idojinta a Yau

'Yan dandatsa, a asalin al'adarsu, mutane ne masu ƙwaƙwar sanin yadda na'ura take aiki daga cikinta, waɗanda bayanin da mai ƙera ta ya bayar ba ya isar su. Sukan kwance ta, su karanta manhajarta, su sauya, su sa ta yi abin da ba a yi ta dominsa ba, sannan su nuna wa 'yan uwansu yadda aka yi. Al'adar ta faro ne a jami'o'in Amurka a ƙarshen shekarun 1950, ta haura Turai, kuma a yau tana da tarukanta da dattawanta da ladubbanta. A cikinta aka haifi yawancin manhajojin da intanet take tsaye a kansu, da sana'ar tsaron kwamfuta, kuma a gefenta ne ɓarayin zamani masu kutse suka koyi hannu. Darajarta a wannan zamani ta rataya ne a kan al'amura biyu: haƙƙin mutum ya duba cikin na'urar da ya dogara da ita, da nauyin da ke hawa kan wanda ya duba ya ga aibi.

Asali

Tushen al'adar yana Cibiyar Fasaha ta Massachusetts, wadda aka fi sani da MIT. A can akwai ƙungiyar ɗalibai masu harhaɗa ƙananan jiragen ƙasa na wasa, wadda aka kafa a 1946. Wani rukuni daga cikinsu bai damu da fentin taragai ba, hankalinsa yana ƙarƙashin tebur, inda wayoyi da makunnai suke sarrafa zirga-zirgar jiragen. A lokacin kwamfuta abu ce mai tsada da ake kullewa a ɗaki. Mai bukata yakan miƙa katunansa masu huji ga ma'aikaci, ya dawo bayan sa'o'i ya karɓi amsa, ba tare da ya taɓa na'urar ba. Da aka kawo kwamfutar TX-0 harabar a 1958, sannan kamfanin DEC ya ba da kyautar PDP-1 a 1961, sai waɗannan ɗalibai suka samu abin da za su zauna gabansa su ba shi umarni kai tsaye. Sukan kwana a kanta, domin da dare ne babu layi.

A kan wannan PDP-1 ne Steve Russell da abokansa suka rubuta wasan Spacewar a 1962. Ba a sayar da shi ba. An ajiye tef ɗinsa inda kowa zai iya ɗauka, wani ya ƙara masa taswirar taurari, wani ya ƙara jan da rana ke yi wa kumbo, har ya bazu zuwa sauran wuraren da ke da irin na'urar. Wannan ɗabi'a ta barin aiki a buɗe don na baya ya gyara ita ce ginshiƙin duk abin da ya biyo baya.

Ƙa'idojin farko

Mutanen farko ba su rubuta wa kansu tsarin mulki ba. Ɗan jarida Steven Levy ne ya tattara ɗabi'unsu a littafinsa Hackers na 1984, ya fitar da ƙa'idoji shida. Ta farko, kada a hana kowa taɓa kwamfuta ko duk wani abu da zai koya masa yadda duniya take tafiya, domin da hannu ake koyo. Ta biyu, kada a kulle bayanai. Ta uku, a yi taka-tsantsan da masu iko, a kuma guji tara ragamar komai a hannu ɗaya. Ta huɗu, a auna mutum da aikinsa, ba da takardar shaidarsa ko shekarunsa ko launinsa ko muƙaminsa ba. Ta biyar, ana iya ƙirƙirar abu mai kyau da ƙayatarwa a kan kwamfuta. Ta shida, kwamfuta tana iya kyautata rayuwar mutum.

Ya kamata a lura da muhallin da ya haifi waɗannan ƙa'idoji. Bayanan da ake magana a kansu a lokacin lissafi ne da dabarun rubuta manhaja, a tsakanin 'yan mutane kaɗan da suka san juna. Babu asusun banki a cikin na'urar, babu takardun asibiti, babu hirar miji da mata. Shi ya sa babu ko ɗaya daga cikin shidan da ta yi maganar sirrin mutane ko cutar da wani. Wannan giɓi shi ne ya haifar da mafi yawan rikicin da al'adar ta shiga daga baya.

Rassa uku

Reshe na farko shi ne na masu wasa da layin tarho. A shekarun 1960 da 1970 an gano cewa na'urorin kamfanin tarho na Amurka suna karɓar umarni ne ta hanyar sauti, kuma sauti mai kaɗawa 2,600 a daƙiƙa yana buɗe layin nesa. John Draper ya yi suna da wani usur na wasan yara da ake sakawa a kwalin abincin safe, wanda yake fitar da wannan sauti daidai. Steve Wozniak da Steve Jobs ma sun ƙera akwatunan yin kira kyauta sun sayar kafin su kafa Apple. A nan ne son sani ya fara cakuɗa da cin abin da ba a biya ba.

Reshe na biyu na masu harhaɗa kwamfuta a gida ne. Ƙungiyar Homebrew ta fara zama a wani gareji a Menlo Park ta jihar Kalifoniya a watan Maris na 1975, kuma a gabanta Wozniak ya nuna kwamfutar Apple ta farko. Mambobinta sukan kwafi manhaja su raba wa juna. A farkon 1976 Bill Gates ya rubuta musu buɗaɗɗiyar wasiƙa yana ƙorafin cewa mafi yawan masu amfani da manhajarsa ta BASIC ba su biya ba, ya kira abin sata. Daga nan aka ja layi tsakanin masu ganin manhaja haja ce da masu ganin ilimi ce.

Reshe na uku ya fito ne daga wannan taƙaddama. Richard Stallman, ma'aikaci a ɗakin binciken ƙirƙirarriyar basira na MIT, ya nemi asalin rubutun manhajar wata na'urar buga takardu domin ya gyara matsalar da ke damun kowa, aka hana shi. A 1983 ya shelanta shirin GNU na gina babbar manhaja da kowa zai iya amfani da ita, ya karanta, ya sauya, ya rarraba. Ya kafa gidauniya a 1985, ya fitar da lasisin GPL a 1989. Hikimar lasisin ita ce ya yi amfani da dokar haƙƙin mallaka wajen tilasta rabawa: duk wanda ya sauya manhajar ya rarraba, dole ya saki asalin rubutun nasa bisa sharuɗɗan da ya samu. A 1991 Linus Torvalds, ɗalibi a Helsinki ta ƙasar Finlan, ya fara Linux, wadda ta cike guntun da ya rage wa shirin GNU. A 1998 wasu suka fito da taken buɗaɗɗiyar manhaja, suka ajiye maganar 'yanci suka riƙi maganar inganci, domin kamfanoni su saki jiki.

Karo da doka

Da kwamfutoci suka fara haɗuwa ta layin tarho, sai ƙofar da ake buɗewa ta zama ta wani. A 1983 aka kama wasu samari na birnin Milwaukee da suka shiga kwamfutoci da dama, har da na wata cibiyar kula da masu ciwon daji a New York, a shekarar da fim ɗin WarGames ya tsorata jama'a da labarin yaron da ya kusa tayar da yaƙin nukiliya. Amurka ta yi dokar hana kutse a 1986, Birtaniya ta yi tata a 1990. Ranar 2 ga Nuwamban 1988 Robert Morris, ɗalibi a Jami'ar Cornell, ya saki wata manhaja mai yaɗa kanta, kuskure a lissafinta ya sa ta durƙusar da kwamfutoci kimanin 6,000. An same shi da laifi a 1990, kuma lamarin ne ya sa aka kafa cibiyar ba da agajin gaggawa ta kwamfuta a Jami'ar Carnegie Mellon.

Matsalar irin waɗannan dokoki ita ce sun ɗora laifi a kan shiga ba izini, ba su cika duba niyya ko girman ɓarna ba. Shari'ar Aaron Swartz ta nuna haka ƙarara. Matashin ya sauke maƙalun ilimi miliyoyi daga rumbun JSTOR ta hanyar layin MIT. Rumbun ya karɓi kayansa ya janye, amma masu gabatar da ƙara na tarayya suka ci gaba da tuhumar da ke iya kai shi kurkuku shekaru masu yawa. Ya kashe kansa a Janairun 2013 yana da shekara 26. Sai a 2022 Ma'aikatar Shari'a ta Amurka ta sanar cewa ba za ta riƙa gurfanar da masu binciken tsaro da kyakkyawar niyya ba. Dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015 ita ma ta haramta shiga kwamfuta ba izini, don haka mai bincike a Kano ko Kaduna yana fuskantar tambayar da takwaransa na Boston ya fuskanta.

Gyaran da aka yi a Jamus

Ƙungiyar Chaos Computer Club, wadda Wau Holland da abokansa suka kafa a 1981, ita ta cike giɓin da ke cikin ƙa'idojin farko. A 1984 ta gargaɗi hukumar gidan waya ta Jamus cewa tsarinta na kwamfuta mai suna BTX yana da ɓaraka, ba a saurare ta ba. Sai mambobinta suka bi ta ɓarakar suka sa aka rubuta wa ƙungiyar kimanin mark 135,000, kuɗin Jamus na lokacin, daga wani banki na Hamburg a dare ɗaya, washegari suka kira 'yan jarida suka bayyana komai, ba su ci kuɗin ba. Daga baya ƙungiyar ta ƙara ƙa'idoji biyu a kan na Levy: kada a yi ɓarna a cikin bayanan wasu, kuma a yi amfani da bayanan hukuma amma a kare na ɗaiɗaikun mutane. Da wannan aka raba abin da ya wajaba a buɗe da abin da ya wajaba a rufe. Mai iko shi ake bincika, talaka kuwa a rufa masa asiri. Ƙungiyar ta ci gaba a kan wannan turba: a 2011 ta warware manhajar leƙen asiri da 'yan sandan Jamus ke amfani da ita, ta nuna tana yin fiye da abin da kotu ta yarda, a 2013 kuma ta buɗe wayar iPhone da zanen yatsa na jabu kwanaki kaɗan bayan fitowarta.

Inda al'adar take aiki a yau

Fage na farko shi ne manhajojin da duniya ta jingina da su. Wayoyin Android a kan Linux aka gina su, kuma tun daga Nuwamban 2017 dukkan kwamfutoci 500 mafiya ƙarfi a duniya da Linux suke aiki. Amma wannan dogaro yana da rauni. A 2014 aka gano ɓarakar Heartbleed a manhajar OpenSSL, wadda ɗimbin shafuka ke kulle bayanansu da ita, sai ta bayyana cewa 'yan mutane ƙalilan ne ke kula da ita, gudummawar da suke samu kuma kimanin dala 2,000 ce kawai a shekara. A Maris na 2024 wani injiniya mai suna Andres Freund ya lura cewa shiga wata kwamfuta ya ƙara jinkirin kusan rabin daƙiƙa. Da ya bi sawu, sai ya tarar da ƙofar sirri da wani mai ɓoyayyen suna ya dasa a manhajar xz, bayan ya shafe fiye da shekara biyu yana taimako har aka amince masa. Lamarin ya nuna fuska biyu: amanar da al'adar ta ginu a kai ita aka ci, kuma buɗaɗɗen rubutu da ɗabi'ar bin diddigi su suka tona asirin kafin abin ya bazu.

Fage na biyu shi ne bankaɗo ɓaraka. An daɗe ana jayayya a kai: a yi shiru kamfani ya yi barci, ko a fasa ƙwai ɓarayi su amfana. A 1998 mambobin ƙungiyar L0pht suka shaida wa Majalisar Dattawan Amurka cewa za su iya tsayar da intanet cikin minti 30. Sannu a hankali aka daidaita a kan tsaka-tsaki, wato a sanar da mai kaya a asirce, a ba shi wa'adi, sannan a bayyana. Rukunin Project Zero na Google, da aka kafa a 2014, yana ba da kwana 90. Kamfanin Netscape ya fara biyan lada ga masu gano kurakurai tun 1995, kuma a 2016 Ma'aikatar Tsaron Amurka da kanta ta gayyaci 'yan dandatsa su gwada shafukanta. A 2015 Charlie Miller da Chris Valasek suka kashe injin wata motar Jeep daga nesa tana kan babbar hanya, abin da ya sa kamfanin da ya ƙera ta ya janye motoci miliyan 1.4 don gyara. Kishiyar wannan ita ce ɓoye ɓaraka don a mayar da ita makami. Manhajar neman kuɗin fansa ta WannaCry, wadda ta afka wa ƙasashe kimanin 150 a Mayun 2017 ta kuma tsayar da aiki a asibitocin Birtaniya, ta yi amfani ne da wata kafa da hukumar leƙen asirin Amurka ta NSA ta daɗe da sani ta adana, har aka sace. Wani matashi ɗan Birtaniya, Marcus Hutchins, shi ya gano makashinta ya taka mata birki.

Fage na uku shi ne haƙƙin gyara. Tarakta da mota da waya duk sun zama kwamfutoci, kuma mai ƙera su yana iya kulle su da manhaja ta yadda wakilinsa kaɗai zai iya gyarawa. Manoman Amurka sun yi shekaru suna kokawa da kamfanin tarakta na John Deere a kan haka. A Polan, wani garejin gyaran jiragen ƙasa ya ɗauki 'yan dandatsa na ƙungiyar Dragon Sector bayan jiragen da ya yi wa garambawul sun ƙi tashi. A 2023 suka bayyana cewa sun tarar da umarnin da ke kulle jirgi idan ya daɗe a tsaye ko ya shiga harabar wasu garejoji. Kamfanin Newag da ya ƙera jiragen ya musanta, ya kuma kai su kotu. Tarayyar Turai ta zartar da dokar haƙƙin gyara a 2024. Wannan batu ya shafi masu gyaran waya na kasuwar Farm Centre a Kano kai tsaye, domin duk lokacin da kamfani ya ɗaure gilashi ko batir da lambar sirri, sana'arsu ce ake ƙuntatawa, kuma wayar da za ta yi shekara biyar sai ta zama shara a shekara biyu.

Fage na huɗu shi ne sirri. Phil Zimmermann ya saki manhajar kulle saƙo ta PGP a 1991, gwamnatin Amurka ta yi shekara uku tana bincikensa bisa zargin fitar da makami waje, ta janye a 1996. Abin da a lokacin aka ɗauka laifi ne, yau yana cikin aljihun kowa: tun 2016 WhatsApp yake kulle saƙonni da tsarin Signal. A ɗaya ɓangaren kuma kamfanoni irin su NSO na Isra'ila suna sayar wa gwamnatoci manhajar Pegasus, kuma masu bincike na Citizen Lab a Jami'ar Toronto ne suka fara tona ta a 2016, bayan an aika wa Ahmed Mansoor, ɗan rajin kare haƙƙi a Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, saƙon tarko. Ƙwarewar mai kai harin da ta mai tonawa iri ɗaya ce. Abin da ya raba su shi ne wanda kowannensu yake yi wa aiki da kuma abin da yake yi da abin da ya gano.

Suka da rauni

Al'adar ba ta kuɓuta daga aibi ba. Da'awar cewa aiki kaɗai ake dubawa ta manta cewa ba kowa ke da wuta da na'ura da lokacin kwana a gaban allo ba. Ɗakunan farko kusan duk maza ne, kuma har yau mata kaɗan ne a cikin masu rubuta buɗaɗɗiyar manhaja, wasu kuma zafin harshen zaurukan ya kore su. Tun 1976 Joseph Weizenbaum, malami a MIT, ya soki irin mutanen da na'ura ta shagaltar har suka daina tambayar amfanin abin da suke ginawa.

Haka kuma kasuwa ta ari rigar al'adar ta bar ruhinta. Facebook ta sa wa titin hedikwatarta sunan 'yan dandatsa, shugabanta kuma ya yi alfahari da tafarkinsu a wasiƙarsa ga masu zuba jari a 2012, alhali kamfanin ya ginu ne a kan tara bayanan mutane a hannu ɗaya, abin da ƙa'ida ta uku ta yi gargaɗi a kai. Manyan kamfanoni suna cin moriyar aikin sa-kai ba tare da sun ɗauki nauyin masu yin sa yadda ya kamata ba. Sannan ƙin yarda da hukuma, idan ya wuce gona da iri, yakan sa mutum ya naɗa kansa alƙali. Hare-haren da aka kai da sunan ƙungiyar Anonymous da wasu kwarmata bayanai da aka yi ba tare da tacewa ba sun taɓa fallasa mutanen da ba su ji ba ba su gani ba.

Matsayinta a yau

Ƙa'idojin 1984 a yadda suke ba su isa su jagoranci zamanin da albashi da magani da zaɓe duk suke bi ta kwamfuta ba. Abin da ya tsira kuma yake da amfani shi ne sigar da aka gyara, wadda ta haɗa 'yancin bincike da alhaki: a nemi izini inda ake iya samu, kada a taɓa bayanan mutane, a sanar da mai kaya, a ba da wa'adi, a bayyana wa jama'a idan aka yi biris. Wannan siga ta shiga dokokin kamfanoni da manhajar koyarwa ta jami'o'i da ƙa'idojin gwamnatoci. Sabon filin gwajinta shi ne ƙirƙirarriyar basira, inda ake gardamar ko kamfanin da ya saki na'urarsa amma ya ɓoye bayanan da ya horar da ita da su ya cancanci a ce ya buɗe, da kuma ko mai bincike daga waje yana da kariyar doka idan ya gwada ta ya wallafa kurakuranta. Matuƙar ana yanke hukunci a kan rayuwar mutane a cikin na'urorin da ba su da ikon dubawa, za a ci gaba da bukatar masu iya dubawa, da doka mai bambanta su da ɓarayi, da kuma ladabin da zai hana su zama ɓarayin.